Rabin Takarda Daga Fayil ɗin Baba

Lahadi, 4 Fabrairu 2024

Zuwana na biyar ke nan ɗakin ajiyar takardun asibitin ƙwaƙwalwar nan. Takardar jami'a ta ce ina binciken tarihin ɗalibanmu da suka yi jinya a Masar. Gaskiya ne, amma fayil ɗin Baba nake so. A nan ya rasu ina da shekara biyu, kuma Umma ba ta taɓa faɗa mini abin da ya kawo shi ba.

Ustaz Isam, mai kula da ɗakin, ya ce mai bincike sai an shafe masa sunaye. Fayil mai suna, sai ɗa ko 'ya. Na ce ai ni 'yarsa ce.

Talata, 6 Fabrairu

Ya juya fasfona, ya karanta: Zulaihatu Iliya. Ya ce ai sunan marar lafiyar Abdulbasit ne, ba Iliya ba.

Na yi bayani har bakina ya bushe. Baffa Iliya ne ya riƙe ni, da sunansa aka sa ni makaranta, haka ake yi a wurinmu. Ya ce, "Ma'alish ya duktura," wato dakta ki yi haƙuri. In ya sake ce mini ma'alish, wallahi sai na fasa masa baki.

Lahadi, 11 Fabrairu

Na yi abin.

Isam ya ɗauko fayil ɗin don ya duba shekara, ya ajiye a bayan gilashin da ya raba mu yana kallona. Kujerar ƙarfe na ɗaga na maka wa gilashin. Na zura hannu na fizgo, shi ma ya riƙe, na gantsara masa cizo a yatsa har na ji gishirin jini. Masu gadi biyu suka ja ni a ƙasa, ɗaya ya murɗe mini hannu, kaina ya bugi ƙofa. Ɗinki bakwai a damtse, inda gilashin ya yanke ni.

Isam ne ya hana su kiran 'yan sanda. Ban gode masa ba.

Rabin takarda ya biyo ni a dunƙulen hannu.

Litinin, 12 Fabrairu

Na karanta. An kawo shi a ɗaure. Ya shaƙe matarsa har ta suma, ya karya mata haƙarƙari biyu, maƙwabta suka ɓalle ƙofa. Jaririya tana kan gado. Daga nan takardar ta yage.

Na tsani Baba, na tsani kaina, ina kuma tausayinsa.

Alhamis, 15 Fabrairu

Umma ta kira. Ta ce, "Ya karatu?" Na ce lafiya lau. Ta ce muryata ta canza. Na ce mura ce.

Asabar, 17 Fabrairu

A babi na uku na kundin bincikena akwai mutum goma sha ɗaya da na samo labarinsu a bakin tsofaffin ɗalibai, kowa da sunansa da garinsu. Ɗaya ma na san 'yarsa, tana saida atamfa a kasuwar Ataba, nan cikin gari. Yau na cire sunayen duka. Ba wai Isam ya yi gaskiya ba ne, babin ne ya fi kyau haka.

Rabin takardar kuma gobe zan ba mai gadi ya miƙa masa. Na liƙe ambulan ɗin sosai.