Dakata Na Ce, Ban Ce Haramun Ba

Ngojin, Potiskum
Litinin, 14 ga Sha'aban

Da sunan Allah Mai rahama. Daga yayarka Kellu zuwa ga ƙanena Umara. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da gajiyar yawon ƙauyuka. Allah ya sa ana samun ruwa inda kuke zagawa. Mu nan gero ya kai gwiwa.

Bayan haka, ban taɓa zaton zan rubuta maka takarda muna gari ɗaya ba. Amma sau uku ina aikawa gidanka a Dogo Tebo ana cewa ka fita, shi ya sa na ba matarka Falmata wannan da ta zo karatu.

Ran Juma'a, jajiberin zaɓen farko, matan da nake biya wa karatu suka kawo mini tambaya. Wai sun ji tawadar da ake dangwalawa a takardar ƙuri'a tana toshe fata, ruwan alwala ba ya ratsa ta, duk wadda ta dangwala sallarta ba ta yi ba sai ta goge. Ka san yawancinmu ba mu taɓa fita zaɓe ba. Ni kuma ban taɓa ganin tawadar gwamnati ba. Tawa ta allo na san abin da ke cikinta, gawayi ne da ƙaro, ƙaro kuwa in ya bushe yana yin ɓawo. Sai na ji tsoron in faɗi abin da ban sani ba. Na ce musu, "Ban sani ba tukuna. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, ta dakata har in bincika." Iyakar maganata ke nan, Falmata tana wurin.

Ran Asabar da hantsi ina tankaɗe, sai ga motar lasifikarku ta ratso unguwa ana cewa, "Malama Kellu ta ce dangwale haramun ne ga mace mai salla!" Sau huɗu ta wuce ƙofata. Rariyar a hannuna ta kife. Hansatu mai ƙosai da ke zama kusa da rumfar zaɓe ta ce matan unguwar nan da suka fita ba su kai goma ba.

Umara, dakata na ce, ban ce haramun ba. Ina roƙonka ka sa wanda ya faɗa ya dawo da motar ya warware. 

Ka gaida yara. Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.

*

Dogo Tebo
11 ga Yuli, 1979

Ya Kellu,

Ina gaisuwa, ina kwanan Malama. Na ga takardarki. Wallahi da na ga ajamin sai da na gyara zama, kamar ranar da Baba zai karɓi hadda.

Mai lasifikar nan bakinsa ya fi kansa sauri, ni ban aike shi ba. Amma tunda ke ce, bari in gaya miki gaskiya. Zaɓen da aka yi na majalisar dattawa ne, na Asabar mai zuwa ma ba nawa ba ne. Nawa shi ne na uku, ran ashirin da ɗaya ga wata, kujerar majalisar jiha. Ni da abokin takarata Ɗantala kafaɗa da kafaɗa muke. Kin fi ni sanin uwarsa ungozoma ce, ita ta yanke cibiyar rabin Ngojin. In matan unguwarku suka fito, ko sanda aka kafa aka ce Ɗantala ce, ita za su dangwala wa. Ba don ya fi ni ba, don kunyar tsohuwa.

Ni ban ce ki yi ƙarya ba, Allah ya tsare. Kin ce su dakata. To su dakata kwana goma mana! Bincike ai ba a yinsa da gaggawa, ke kika koya mini. Bayan ashirin da ɗaya ki bincika, ki fito da hukuncinki, ni da kaina zan ba ki motar.

Shekara biyu ina kan hanyar nan, Ya Kellu. In na shiga, ɗakin haihuwar da kike ta magana a kai shi ne farkon abin da zan nema. Ke kika goya ni da Inna ta rasu. Shiru kawai nake nema a wurinki, shiru kuwa ba abin da kika fi iyawa kamarsa.

Naki,
Umara

*

Ngojin
Lahadi, 20 ga Sha'aban

Daga Kellu zuwa ga ƙanena Umara, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na karanta takardarka sau uku. Na yi ƙoƙari in ga hanyar da zan bi in yi maka abin da ka roƙa, ban gani ba. In na ce ina bincike alhali na ajiye binciken da gangan, ban san sunan da zan kira wannan da shi ba in ba ƙarya ba.

Katin zaɓen da ka sa aka yi mini bara yana cikin gafaka, ban yi niyyar taɓa shi ba. Jiya na ciro shi. Na ga ba yadda zan san tawadar nan sai ta hau yatsana. Maƙwabciyata Kande ta raka ni rumfar zaɓe. Layin maza ya kai bakin titi, kowane ɓangare yana hararar ɗaya, 'yan sanda biyu a tsakani. Layin mata mu shida ne. Da na iso sai kowa ya juyo yana kallona. Wani daga baya ya ce, "A'a, yau Malama za ta ci haramun da kanta?" Aka yi dariya. Ban ɗaga kai ba, na shiga na dangwala.

Da na dawo gida na bar ta ta bushe sosai. Na kankare ta da bayan wuƙa, ba abin da ya ɓanɓaro. Na ɗiga ruwa a kanta, na ɗiga a ɗaya yatsan, duka biyun suka jiƙa daidai. Na shafa danƙo a yatsa na uku don in gwada, ruwan ya gangare bai taɓa fata ba. Ka tuna babin tsarki da Baba ya biya mana a zaure: abin da yake da jiki, kamar danƙo ko ƙullu, shi yake tare ruwa. Launi zalla ba ya tarewa. Tawadar nan launi ce, Umara, kamar lalle. Na yi alwala a kanta, na yi azahar.

Da na sallame sai na zauna ina kuka. Amsar tana hannun kowace mace mai ƙunshi a unguwar nan, ni kuma saboda tsoron kuskure na bar ƙofa a buɗe aka shigo da ƙarya da sunana.

Ina gaya maka kafin in gaya wa kowa, don kada ka ji a bakin wani. Gobe zan fara shiga gidaje. Ba zan ambaci sunanka ba, ba zan ambaci na Ɗantala ba. Abin da na ɓata shi zan gyara.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Wassalam.

*

Dogo Tebo
17 ga Yuli

Ya Kellu,

Gaisuwa. An ce jiya gida tara kika shiga da buta a hannu.

Kin ce ba za ki ambaci suna ba. Sai kin ambata? Yau a kasuwar shanu mutanen Ɗantala suna nuna ni suna cewa, "Ga wanda yayarsa ma ta guje shi." Mutanena kuma suna tambayata ko nawa aka ba ki. Na ce ba a sayen Ya Kellu, suka ce to ai gara a ce sayenta aka yi, da a ce kyauta ta yi maka haka.

Ke da ba kya fita ko suna sai an aiko sau biyu, yau ke ce a lungu-lungu. Duk shekarun nan ba ki san siyasa ba sai da ta zo kaina? Kwana huɗu ya rage. Huɗu kacal! Wace salla ce za ta lalace in kin jira kwana huɗu?

Falmata ba za ta ƙara zuwa karatu ba. In kina da amsa ki nemi ɗan aikenki.

Umara

*

Ngojin
Alhamis, 24 ga Sha'aban

Daga Kellu zuwa ga ƙanena Umara. Gaisuwa irin ta kullum, ba ta ragu ba. Kande ce za ta kawo maka wannan.

Ka tambaye ni wace salla ce za ta lalace. Babu. Amma maganata ce za ta lalace. Matan nan in jini ya rikice musu ni suke tambaya, in mai gida ya furta saki cikin fushi ni suke zuwa wa da kuka. In suka gane na san gaskiya na riƙe ta kwana huɗu don ƙanena, gobe in na ce musu "ya halatta" sai su tsaya tunanin wa zai amfana.

Ban ce da sauƙi nake yi ba. Gida biyu an hana ni shiga. A ɗayansu mai gidan, Malam Bakari, ya tare zaure ya ce, "Malama, jiya haramun yau halal, gobe kuma mene ne?" Na ce, "Malam, ban taɓa cewa haramun ba." Ya ce, "To mu dai a lasifika muka ji, ke kuma muryarki ko kaza ba ta kora." Mata huɗu mazansu sun cire su daga karatu, biyu 'yan ɓangarenka, biyu 'yan ɓangaren Ɗantala, su na Ɗantala wai leƙen asiri nake yi maka. Shekaranjiya da la'asar aka jefo dutse tsakar gida, ya fasa randa. Ban san hannun wa ba ne, ban kuma ce naka ba ne.

Unguwar ta zama abin tsoro. An yi suna gidan Alhaji Yaji, rabin maƙwabta ba su je ba. Hansatu ta ce akwai masu wuce ƙosanta su je gaba saboda mijinta yana wancan ɓangare.

Na kuma ga abin da ban sani ba. Wata tsohuwa ta ɗauka sai an biya kafin a shiga rumfa. Wata tana tsoron wai akwatin yana gaya wa miji inda matarsa ta dangwala. Wata ta ce, "Malama, in na dangwala wa duka don kada wani ya ji haushi fa?" Na yi dariya, karo na farko a mako biyu. Da na je gyaran kalma ɗaya, sai na tarar ba wanda ya taɓa zama ya yi musu bayanin komai. Ku duka kuna ƙirga su, ba wanda ya tambaye su.

Jibi zan tsaya a layin mata in Allah ya kai mu. Ina yi maka addu'a kamar yadda nake yi tun kana bayana. Wassalam.

*

Dogo Tebo
23 ga Yuli

Ya Kellu,

Kin ji, amma bari ki ji daga bakina. Ɗantala ya ci. Tazarar ƙuri'a tamanin da uku. Akwatin matan Ngojin kaɗai ya fi ɗari uku.

An ce tun hantsi kina tsaye a rana har aka tashi. An ce Falmata ma ta lulluɓa ta bi layinku, ban tambaye ta ba, ba na so in ji.

Gidana da ba a samun wurin ajiye takalmi, yau tabarma biyu ce a zaure, ɗaya ba kowa a kanta.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini, ke da ba kya ƙarya. Da kika shiga rumfar, wa kika dangwala wa?

Umara

*

Ngojin
Talata, 29 ga Sha'aban

Daga Kellu zuwa ga ƙanena Umara. Ina yi maka jaje, Allah ya sa haka shi ne alheri. Na san zafin, ba zan ce maka ba komai ba.

Tambayarka ba zan amsa ba. Na rantse wa mata fiye da ɗari cewa abin da ke tsakanin mace da takardarta ba mai ji, ko miji ko ɗan'uwa. In na fara da karya wannan a kaina, na koma inda na fito. Kuma in na ce kai ne, za ka ce lallashi ne. In na ce ba kai ba ne, na ƙara maka ciwo. Ka bar shi inda yake.

Ka ce akwatinmu ya fi ɗari uku. Ka tambayi wakilinka nawa ne naka a ciki. Hansatu ta ji ana ƙirgawa, ta ce sun haura ɗari. Matan da ka ce ko sanda za su zaɓa ke nan. Da motarka ta shigo da maganar ɗakin haihuwa maimakon sunana, ban san abin da zai faru ba. Kai ma ba ka sani ba.

Jiya mu bakwai muka je gidan Ɗantala. Na ce masa ba murna muka zo ba, ɗakin haihuwa muka zo tambaya, kuma bayan salla za mu dawo mu ji inda aka kwana. Muryar nan ce da ko kaza ba ta kora, amma ya ji.

Ana duban wata yau. Tun rasuwar Inna ba ka taɓa shan ruwan farko a wani gida ba sai nan. Na jiƙa gero. Tabarmarka tana inda ka san ta. Ban ce dole ba.

Wassalam.

*

Ya Kellu,

Tawadar ran Asabar har yanzu ba ta gama fita daga yatsana ba. A kanta nake ta alwala. Sallolin nan sun yi, ko in rama?

Umara

*

Umara,

Sun yi. Na bincika.

Ka taho da Falmata, karatunta ya tsaya a tsakiyar shafi.

Yayarka Kellu