Kujerar Gaba

Talata da dare, Daura

Yau Kawu Sale ya yabe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Za mu Baure ta'aziyya a motar Baba, na yi wuf na buɗe masa ƙofar gaba, na koma baya. Ya ce wa Baba, "Yaya, yaron nan boko bai ɓata shi ba. Ya san girman manya."

Ba ladabi ba ne. Yau kwana goma sha tara da na sa lambar shasi, wato lambar jikin motar, a shafin intanet na kamfaninta. Sau uku na duba. Motar tana cikin waɗanda aka ce a kai a canza musu jakar iskar kariya ta gefen fasinjan gaba, don in an yi karo tana iya watso ƙarfe a fuska. Tun ranar ban ƙara zama gaba ba. Ban gaya wa kowa ba, saboda ni na zaɓa wa Baba motar, ina ta cika baki.

Duk sanda mai babur ya gifta mana, ƙeyar Kawu nake kallo.

Na ɓoye makullin motar a ƙarƙashin matashina. Da asuba Baba zai neme shi, dole in buɗe baki.