Wutar Layya a Ƙofar Garbai

Litinin, 2 ga Yuni 2025

Yau amalanke ya kawo itacen layya. Na ji ƙararsa, har na gyara lulluɓi ina jiran sallama, sai ya wuce ƙofata ya je ya sauke a ƙofar Garbai. Shekara ashirin da uku a ƙofar gidan nan unguwarmu ke gasa ragunanta, kowa ya tsire nasa a sanda ya kafa kewaye da wuta guda. Mai gidana, Malam Manzo, Allah ya ji ƙansa, shi ke hura ta. Wata biyu da rasuwarsa. Wata biyu kacal! Ko takaba ban fita ba.

Kuma wai Garbai ne amininsa.

Talata, 3 ga Yuni

Ba wanda ya zo ya ce mini uffan.

Laraba, 4 ga Yuni

Bintu, ƙanwar Malam, ta leƙo. Na tambaye ta wa ya ɗauke wutar. Ta ce, "Yaya, maza ne suka zauna a masallaci. Kin san mai takaba..." Na ce na san takaba sarai, ni ke cikinta ba su ba. Rabin waɗanda suka yi zaman ni na koya musu riƙon alli a lekwal, makarantar boko, wasu har majina na share musu. Yau sun ga gadon barcina, su ke zama a kaina.

Na ce ta gaya musu ragona ba zai taka ƙofar Garbai ba. A tsakar gida zan gasa abina. Ta dubi tsakar gidan, ta dube ni. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

Juma'a, 6 ga Yuni

Garbai ya yi sallama sau uku bayan la'asar. Na ce a ce masa ina barci. Ya ji muryata, to sai me?

Asabar, 7 ga Yuni, Sallah

Mijin Bintu ya yanka mini, ya feɗe, ya tsire. Na hura ƴar wutata a tsakar gida. Rago ɗaya tsaye shi kaɗai, abin ba kyan gani.

Da hantsi na leƙa ta zaure. Alhamdu lillahi, na ga abin da raina ke so! Sun jibge itace kamar za su ƙona bola, wuta na ci sama, iska na kwaso rairayi tana watsa wa nama. Raguna goma sha ɗaya, gefe ya babbake, gefe ɗanye. Kowa na ba da umarni, ba mai jin wani. Na yi dariya ni kaɗai, ta farko tun ranar da aka fita da gawar Malam.

Can sai ga Garbai a bakin zaure, babbar rigarsa duk toka.

"Madam, wutar nan ta ƙi mu."

Na ce ai ba ƙofata ba ce. Ya yi tsaye bai tafi ba. Ni kuma ba zan iya kallon naman mutane na lalacewa ba, har da na marayun maƙwabciyarmu Lantana. Daga bayan labule na ce su janye rabin itacen, su bar garwashi ya yi aikin, su kafa zana ta gabas, su karkato sandunan ciki kaɗan. Shekara ashirin da uku ina kallo, suna zaton shayi kawai nake aika musu.

Ya juya zai tafi, na kasa riƙewa. Na ce, "Malam Garbai, ko shawara ba a yi da ni?"

Ya ce, "Mun ce kada ki wuni kina jin muryoyinmu a ƙofarki babu tasa." Ya goge ido, wai hayaƙi. "Ni ma wallahi ba zan iya zama a wurin ba."

Da ya faɗi haka tun Litinin, bakinsa zai tsage ne?

Wajen azahar na sa aka kai ragona can. Tawa wutar ce ta mutu, ba wani abu ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Yau rabon nama. Kwano ya shigo mini daga gida goma sha ɗaya, ni ɗaya, ina zan kai shi?

Garbai ya aiko Bintu ta tambaye ni inda za a hura baɗi. Na ce sai na yi shawara, su ma su ɗanɗani jira.

Har yanzu ina fushi. Amma jiya da la'asar, da nama ya nuna suka ɓarke da dariya, na tsinci kaina a zaure na kasa kunne ina neman ta Malam a ciki. Daga ƙofar Garbai ma da ƙyar na jure.