Ban Kori Mai Gemu Ba

Lahadi, 9 ga Maris, 2025

Zafi, azumi, ga babu wuta tun jiya. Na rufe shagon ɗinkina na unguwar Tunga da wuri saboda maigida, kamar kullum tun da abin nan ya same shi a watan Janairu. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ta bi su, karatu ma ya rikice masa. Mijina Ndaliman, malamin wasanni da ake jin ihunsa daga bakin titi, yau kalma biyu suka rage masa, "to" da "a'a". Kuma "a'a" ɗin ta fi yawa. Halin dai bai shanye ba.

Wansa, Yaya Alhassan, ya kira daga Bida. Ya ce bayan Sallah za a zauna kan maganar mayar da shi gida. Na san me gidan ke nufi. Ɗakin baya, tabarma, jiƙo, a daina kai shi gashin ƙashi asibiti. Na ce Allah ya kai mu. Da na ajiye wayar sai na ji wani sanyi a raina, kuma na ji kunyar sanyin. Na gaji, wallahi na gaji.

Laraba, 12 ga Maris

Saƙon murya daga Stephen, abokinsa da suka koyar tare, ɗan unguwar Fadikpe da ya koma Amurka. Hausarsa tana nan yadda ya tafi da ita: "Maman Mubina, abeg, kai ne za ka riƙe masa ƙungiya bana. Kar a cire sunansa."

Wasan banzan nan ne. Besbol, na sanda da ƙwallo. Su ba bugawa suke yi ba ma. Kowa ya zaɓi 'yan wasan gaske na can a cikin waya, abin da suka yi a fili shi ke zama maki a wurinka. Stephen ne ya jawo shi ciki tare da abokan aikinsa, shekaru ke nan. Sau nawa tuwo ya huce yana duba makin wani ƙato da bai san da zamansa a duniya ba?

Na buɗe baki zan ce ba ni da lokaci. Sai na ga maigidan ya juyo daga bango. Rabon da ya juyo don wata magana har na manta.

Asabar, 15 ga Maris

Wai yanzu lokacin wasannin gwaji ne, kafin a fara na gaske. Ina riƙe wayar, yana kallon fuskoki. Sunayensu sun fi ƙarfin bakina, don haka na raɗa musu nawa. Akwai Dogo, akwai Ɗan Hagu, akwai wani tsoho mai kumatu da gemu da na sa wa Mai Gemu. Da hotonsa ya fito sai maigidan ya ce "to" da ƙarfi har yawu ya zubo.

Na duba. Mai Gemu bai tsinana komai ba a gwajin. Ga wani yaro kuwa, na kira shi Ɗan Gayu, kullum sai ya aika ƙwallo bayan katanga. Na nuna masa shi. "A'a." Na sake nunawa. "A'a."

To me ya fi wannan? Ni dai da idona nake ciniki.

Talata, 18 ga Maris

Ranar gashi. Ɗaukar sa zuwa cikin Keke Napep aiki ne na mutum biyu, ni kaɗai nake yi da mai keken in ya ga dama. Christiana, mai yi masa gashin, ta ce ya ɗaga hannu. Bai ɗaga ba. Ta ce da kyau. Me ke da kyau a nan?

Bayana ciwo yake. Na sha ruwa da gurasa kawai, ban iya girki ba.

Alhamis, 20 ga Maris

Na tambayi Stephen laifin Ɗan Gayu. Ya yi dariya, ya ce ai mijina ne ya koya musu duka. Wai makin gwaji ba abin kallo ba ne, domin yaran da ake gwadawa ne ke jefa musu ƙwallo, manyan masu jifa kuma wasa kawai suke yi da hannu. Abin dubawa shi ne ko mutum lafiyarsa ƙalau, da ko koci ya ba shi gurbi tabbatacce. Ya ce yaron nan ba shi da gurbi tukuna.

Na ce na ji. Ban ji ba.

Asabar, 22 ga Maris

Zaɓen 'yan wasa, bayan la'asar. Agogo na gudu a wayar, in ka yi jinkiri ta zaɓa maka. Na ɗauki Mai Gemu da wuri don maigidan ya bar ni in huta da gurnani. Can tsakiya ya nuna wani da hannun hagu, ni kuwa na danna Ɗan Gayu. Da gangan.

Ya dube ni. Ya juya bango, bai ko karɓi kunun buɗa baki ba sai da aka yi isha'i. Wata biyu ina wanke mutum ina juya shi, ba zan iya zaɓen yaro ɗaya a cikin waya ba?

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Na sa masa farar shaddarsa, na zaunar da shi a falo. Masu zuwa gaisuwa suna yi masa magana da ƙarfi kamar kurma, sannan su juyo su tambaye ni ko yana ganewa. Yana gane komai, shi ne abin baƙin cikin.

'Yarmu Mubina ta kira daga gidan mijinta a Kaduna, tana ta kuka. Ni na koma ina lallashinta.

Laraba, 2 ga Afrilu

An fara wasan gaske tun makon jiya, kuma an mayar da Ɗan Gayu ƙaramar ƙungiya. Ko maki ɗaya bai kawo mini ba. Na faɗa wa maigidan don kar ya ji a bakin Stephen. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Dariya yake yi mini, mugu.

Na bar shi ya yi. Rabon da in ga wannan.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Yaya Alhassan ya zo da kansa. Na so ya zo da faɗa don in samu abin riƙewa, sai ya zo da tausayi. Ya ce, "Lailatu, ke ma mutum ce. Dubi yadda kika rame. Wata uku ana gashi, me ya canja?" Babu abin da zan nuna masa. Ya ce a can akwai hannaye da yawa, ga mai magani a kusa.

An tsayar da Lahadin farko ta watan Mayu, zai zo da mota. Duk a gaban maigidan aka yi maganar. Ya ce "a'a" sau ɗaya, Yaya ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haƙuri, ƙanena," aka wuce wurin. Ni ban tsaya masa ba, kuma ya gani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mu ne na ƙarshe a teburin maki. Mai Gemu kullum sifili.

Litinin, 14 ga Afrilu

Abin ya zama al'ada. Bayan asuba, kafin in ɗora ruwan wankansa, in zauna bakin gado in karanta masa abin da aka yi muna barci. Dogo ya yi ƙoƙari. Ɗan Hagu ya ji ciwo a gwiwar hannu. Mai Gemu, sifili. Na ce a kore shi mu ɗauki wani, ga masu zafi nan birjik ba mai su. "A'a."

Ya miƙa hannun hagu yana ta dungurin wani wuri a wayar. Na kasa ganewa, na yi tsaki, shi ma ya yi. Mutum biyu da furfura suna tsaki a kan wani Ba'amurke.

Laraba, 16 ga Afrilu

Stephen ya bayyana mini wurin. Akwai shafin da ke nuna ƙarfin da ƙwallo ke fita da shi daga sanda. Na Mai Gemu ja ne wur, wato yana cikin masu ƙarfi. Yana dukan ƙwallon da kyau, tana dai faɗawa hannun mutane ne. Ga sanyi a can har yanzu, ƙwallo ba ta tafiya. "Oga mijinka ya saba cewa ba a korar mutum a Afrilu. Duba duka, kar ka duba maki."

Na ce maki ake ci da shi, ba duka ba. Ya ce haka ne. Sai ya tambayi maganar Bida, wai Mubina ta gaya masa. Na ce wayata ba caji.

Talata, 22 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka muna hanyar asibiti, muka jiƙe sharkaf. Na gaya wa Christiana saura zuwa ɗaya. Ba ta yi mini wa'azi ba, na gode mata. Ta dai kama hannuna ta ɗora a kafaɗarsa ta dama, ta ce masa ya tura. "Mama, ka ji? Daga nan yake farawa. Yatsa ne na ƙarshe." Na ji wani abu kamar motsi, ko kuma zatona ne kawai. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, wasu a nan suke tsayawa.

Kafaɗa ba ta riƙe cokali.

Asabar, 26 ga Afrilu

Wata mata ta karɓe atamfarta ba a ɗinka ba, ta ce ta ga ba ni da lokaci. Gaskiyarta. Na dawo na tarar ya ɓata shimfiɗa, yana kallon rufi, hawaye na bin kunnensa. Na wanke shi, na canja shimfiɗar. A bayan gida na yi nawa kukan.

Laraba, 30 ga Afrilu

Na haɗa masa jaka. Na sa shaddar Sallah a sama. Ya daina cewa ko "to" ko "a'a". Da safe na karanta masa maki, bai juyo ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Abin da na yi yau ba kyau, amma zan rubuta.

Mai Gemu ya sake sifili. Shirun nan nasa ya ishe ni, raina ya ɓaci. Na ce, "Baban Mubina, Afrilu ya wuce. Yau zan kore shi." Na danna, wayar ta fito da tambaya, a kora ko a fasa. Ya juyo da sauri ya kawo hannun hagu. Na kama hannun na danne da nawa, na ajiye wayar a gefensa na dama. Na ce, "In ba ka so, hana ni da wancan." Har da ɗaga murya.

Ya dube ni irin kallon da ban taɓa gani ba. Sai ya koma kan hannun. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Kafaɗar ta motsa. Gwiwar hannun ta ja kan zanin gado, kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu. Yatsun suna nan a dunƙule, ko kusa da wayar ba su kai ba. Ya yi ta yi har numfashinsa ya sarƙe, sannan ya saki jiki ya rufe ido.

Bai kai ba. Wayar ta gaji ta mutu da kanta. Na daɗe a zaune ina kallon inda zanin ya tattare.

Lahadi, 4 ga Mayu

Yaya ya zo, ya tafi shi kaɗai. Na cika masa bayan mota da mangwaro. Na durƙusa na ce a ƙara mana lokaci, zuwa ƙarshen damina. Ya ce me na gani? Na ce ba abin da zan iya nunawa. Ransa bai so ba, ya ce in na faɗi ni ma, kar in ce ba a zo ba. Ban ga laifinsa ba.

Ban ce zai warke ba. Wataƙila a nan zai tsaya, kamar yadda Christiana ta ce. Bayana yana nan yana ciwo, kuma jibi sai na sake neman mai keke. Jakar ma ban kwance ta duka ba, shaddar kawai na ciro don kar ta yamutse.

Har yanzu fushi yake da ni. Da safe na zauna bakin gado, ta ɓangaren dama, don nan ne fanka ta fi kaiwa. Mai Gemu sifili. Kafin in faɗa masa sai na tarar na riga na buɗe ɗaya shafin, na ƙarfin duka. Ja ne har yanzu.

Na ce, "Yana nan."

Ya daɗe yana kallon bango. Sannan ya ce, "To."