Kaset ɗin da Ba a Goge Ba

Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zaman daji? Ya gwiwar nan taka, ko har yanzu taurin kai bai bar ka ka sha maganin ba? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Tunda hanyar da kuke ginawa ta kai ku inda waya ba ta shiga, dole ka yi haƙuri da rubutuna, direbanku zai kawo maka.

Albishirinka. Shirinmu na labaran duniya zai cika shekara ashirin da biyar, kuma tashar talabijin ɗinmu za ta yi fim ɗin tarihinsa. Dogo ne da kansa ya zo ya gaya mini. Dogo dai naka, mai ɗaukar hoton da muka fara shirin tare, wanda yake cinye maka naman kwano in ka tashi wanke hannu. Yanzu shi ne shugaban sashen labarai, ya ajiye tumbi, amma dariyar tana nan.

Sun zo da fitilu da kyamarori, suka birkita mini falo, ni kuma na saka rigar nan da kake cewa tana mayar da ni yarinya. Na ba su labari tun daga farko: ɗan ɗakin bayan sito, teburin da muke tokarewa da katako, da taswirar duniya da ke ɓallewa daga bango ina tsakiyar karanta labarai. Rabin awa muke yi sau ɗaya a mako, ba mai kallonmu sai dangi. Daga baya aka ɗora mu a tauraron ɗan'adam, tashoshin wasu ƙasashe suka fara karɓa, muka koma kullum.

Na faɗa musu abin da ya fito da mu duniya, wato ramin haƙar ma'adinai da ya rufta, kamfani ya rantse ba wanda ya mutu, sai direban motar asibiti ya zauna gabana ya faɗi gawarwakin da ya kwasa da hannunsa. Na yi musu bayanin dokarmu, wadda ni da Dogo muka kafa: duk wanda ya ce a ɓoye shi, a rufe fuskarsa a ɗakin tace hoto, a sauya muryarsa, sannan mai tacewa ya goge kaset ɗin asali a ranar. Na ce da wannan dokar muka sami amincewar mutane. Ina faɗa Dogo yana gyaɗa kai a bayan kyamara.

Ka yi mini dariya in ka so, amma na ji daɗi da aka tuna da ni. Yara suna gaishe ka.

Taka,
Maman yara

*

Baban yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya. Na ga amsarka, na gode da tsokanar, amma yau ba ni da bakin ramawa.

An nuna fim ɗin. Na tara maƙwabta, ƙanwarka ta zo da yaranta, falo ya cika. Da farko komai lafiya, har tsohuwar taswirar aka nuna, muka yi ta dariya. Sai ga ni a rigata ina ba da labarin direban, ina murmushi. Ina rufe baki aka sako shi. Fuskarsa a fili, Baban yara, har tabon da ke girarsa, da muryarsa ta gaskiya, aka kuma rubuta sunansa a ƙasa. Mai gabatarwa ya ce ga hoton da duniya ba ta taɓa gani ba. Maganar da na yi kan dokarmu kuwa an yanke ta gaba ɗaya. Duk wanda ya kalla zai ɗauka ni na fito da kaset ɗin daga ƙarƙashin gadona na miƙa.

Maƙwabta suna tafi, ni ina neman inda zan sa kaina. Na tuna ranar kamar yanzu. Mutumin nan ya ce yana da mata da ƙananan yara a garin da ramin yake, ni kuma na dube shi na ce ko ni ba zan sake ganin fuskarsa a hoto ba. Da muka dawo na bar wa Dogo kaset ɗin, don a lokacin shi ne yake tace mana hoto, da yamma ya leƙo ya ce mini an gama. Ban taɓa tunanin in ce ya nuna mini ba. Mutumin da muka kwana da yunwa tare a hanya, me zan bincika?

Washegari na je tashar. Sabon ginin duk gilashi ne, mai gadi ma bai san ni ba, sai da aka yi waya sama. Dogo ya tare ni da fara'a, wai na zo taya murna. Na rufe ƙofa na wanke shi tas. Ka san me ya ce? Wai hoton ya yi kyau da yawa, hannunsa ya kasa gogewa, shi ya sa ya ajiye. Wai masu tashar na yanzu suna son abin da zai ja masu kallo. Wai shekaru sun ja, ya ɗauka mutumin ya rasu. Na tambaye shi ko ya aika an duba, sai ya hau gyara takardun teburinsa. Ƙarshe ya ce, "Haba Yaya, tarihi ne fa, kuma jarumi muka mayar da shi."

Yaya yake ce mini har yau. Wallahi wannan ya fi komai ci mini rai. Da baƙo ne ya yi mini haka da na ce bai sani ba. Dogo ya sani, yana tsaye a wurin na yi alƙawarin. Ya zauna a falona ya sha shayina, ya bar ni ina yabon dokar, alhali ya riga ya san abin da zai haɗa da fuskata. Wannan cin amana ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Ina neman lambar mutumin ta hannun wani tsohon wakilinmu. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Maman yara

*

Baban yara,

Gaisuwa mai yawa. Allah ya sa wannan ta same ka lafiya. Ka yi haƙuri, na yanke hukunci a gidanka ba tare da na jira izininka ba, na san da kana nan haka za ka yi.

Direban yana raye. Ban kai ga samun lambarsa ba 'yarsa ta kira ni. Ko gaisuwa babu, kuma ban ga laifinta ba. Ta ce 'ya'yan mai kamfanin ne ke juya garin yanzu. An sallami yayanta daga aiki, mai shagon da babanta yake haya ya ce ya kwashe kayansa, wasu mutane kuma suna zuwa ƙofar gida suna tambayar ko tsoho yana ciki. Ta ce duk shekarun nan ko su ba su san shi ne ya yi maganar ba, a talabijin suka gani tare da kowa. Na ce su taho nan.

Jiya na ɗauko su a tashar mota, shi da matarsa da 'yar, da buhuna biyu da katifa a naɗe. Ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Na shirya wa zagi, har na so a zage ni. Sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi maigida da yara, ya ce sun ɗora mini nauyi. Na sauke su a ɗakin baƙi. Na fara yi masa bayanin kaset ɗin, ya saurara har na gama, ban san ko ya yarda ba. Matarsa ba ta ɗaga ido ta dube ni ba.

Daga tashar kuwa an aiko mini da katin liyafa, wai za a ba ni lambar girmamawa, ni da Dogo a kan dandamali ɗaya. Na mayar wa ɗan aiken abinsa.

Da safen nan tsohon ya same ni a kicin, ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya hularsa. Ya ce ya ji ana tallar kashi na biyu na fim ɗin mako mai zuwa. Ya ce akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta yi mana magana a ranar, bayan shi, kuma tana garin har yanzu da jikokinta. Da farko ta ƙi, shi ne ya je ya lallashe ta. Ya ce, "Ni na ce mata matar nan ba ta ƙarya. Nata dai an goge, ko?"

Kaset ɗaya ne, Baban yara, a kansa muka ɗauke su duka biyun. Tun safe nake kiran Dogo, wayar tana shiga, ba ya ɗauka.

In da hali ka nemi hutu ka dawo. Yara suna gaishe ka.

Taka kullum,
Maman yara