Takardar da Ta Fi Ni Saninki

Gävle, Asabar da hantsi

Zuwa ga Vendela, hasken idona, sanyin zuciyata, ranar da ke fitowa bayan wata biyar na duhu da ƙanƙara. Ke da muryarki ta fi mini kukan tsuntsayen da ke dawowa bakin kogi a watan Afrilu, ke da dariyarki ke mantar da ni gajiyar wuni guda, ke da na zaɓa tun ban san ana zaɓe ba. Ina gaishe ki gaisuwar wanda bakinsa ya mutu, amma hannunsa ya ƙi ajiye alƙalami.

Vendela, me na gani haka? Jiya Juma'a ina ƙarƙashin bas ina canja mata birki, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Na goge hannu na duba. Kalandar nan ce da muke rubuta al'amuranmu tare, ni da ke, kin ƙara mata layi ɗaya: "Litinin, ƙarfe goma, majalisar gari, soke ɗaurin aure." A samansa ganin likitan haƙori ƙarfe takwas, a ƙasansa lokacin da kika kama wa kanki a ɗakin wankin da ku mazauna gidan ke amfani da shi bi da bi. Aurenmu, Vendela! Auren da za a ɗaura mana a majalisar, muka shekara muna ƙirga kwanakinsa, shi ne kika saƙale tsakanin haƙori da wankin zannuwan gado? Na zabura zan miƙe, na manta akwai bas a kaina. Tsoho Sixten da muke aiki tare ya leƙo ya ga na dafe goshi, ya ce, "Kai Arvid, me motar ta yi maka kake tunkuyinta?" Har yanzu goshin a kumbure yake.

Na koma gida na tarar da ambulan an zuro ta ramin wasiƙu. Zobenki a ciki, naɗe da takardar goge baki, sai takardu biyu da kika haɗa da fil, taki da tawa, sakamakon gwajin halin nan. A bayansu kin rubuta da rubutunki mai tsafta: "Ba laifinka ba ne, ba nawa ba. Haka aka yi mu. Gara yanzu da nan da shekara goma." Na karanta a tsaye, na zauna na sake karantawa, na juya takardar ko akwai wani abu a ɓoye. Babu. Shekara shida, kuma abin da ya raba mu launi ne?

Na san daga inda abin ya taso. Daga yammacin Larabar nan da ofishinku ya gayyaci iyalan ma'aikata, aka jera kofi da burodin kirfa, matar nan mai horaswa, mai ƙaton tabarau, ta ce mu ma baƙi mu cika tambayoyin don kowa ya san launinsa. Na cika tsakani da Allah, ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Na fito ja. Ta ɗaga takardata ta karanta wa jama'a cewa mai ja mutum ne mai hanzari, mai son a gama, amma ba ya lura da abin da ke damun na kusa da shi. Kowa ya yi dariya, har da ni, don baki cike da burodi ba ya gardama. Sai ta haska wani jadawali a bango, ta nuna da sanda inda ja ya haɗu da kore, launinki, ta ce wannan zama ne da ke cin haƙuri. Ke ba ki yi dariya ba. Kin kama leɓen kunnenki na hagu kina murzawa, yadda kike yi idan abu ya soke ki kuma ba ki son a gane. Muka hau kekunanmu har ƙofar gidanki, kika shige ciki. Na zaci gajiya ce za ta wuce, kuma a nan kam na yarda na yi wauta.

Ya ke abar ƙaunata, na san matsayin takardarki a wurinki. Shekara huɗu tana manne a ƙofar firjinki, har gefenta ya naɗe. Sau nawa na ji kina gaya wa ƙawayenki cewa ba wanda ya taɓa saninki kamar ita, ko mahaifiyarki? In za ki sayi labule sai kin tuna ke kore ce. In muka yi saɓani sai ki ce ba ke ba ce, halinki ne, ga shi nan a sakin layi na uku. Na yi ta dariyar wannan a fili, a ɓoye kuwa gabana faɗuwa yake yi. Yau zan gaya miki dalili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kin tuna safiyar da kika cika gwajin, lokacin kina neman wannan aikin? Watan Maris ne, tambaya ɗari da ashirin, kuma sha biyun rana za a rufe. Kin kai ta ƙarshe ke nan aka bugo waya cewa Babanki ya zame a kan ƙanƙara ya karya ƙugu. Kika fizgi rigar sanyi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kika ce mini, "Danna aika kawai, ka kulle ƙofa." Kika fita da gudu. Ni kuwa da waɗannan yatsu nawa da suka saba da sifana, na danna abin da ba shi ba. Shafin ya koma fari fat. Amsoshinki duka, har ɗaya, suka tafi. Na yi mutuwar zaune. Saura minti arba'in, ke kina hanyar asibiti kina kuka, aikin da kika yi shekara biyu kina mafarkinsa zai wuce ki saboda ɗan yatsana. In kira ki in ce me?

Sai na ja kujerarki na zauna, na amsa su ni da kaina, a matsayinki.

I, Vendela. Ni ne. Suka tambaya ko kina gama aiki kafin ki kama wani, na tuna safuna uku da kika fara saƙawa kowacce ƙafa ɗaya, na ce a'a. Suka tambaya ko kina faɗin abin da ke ranki idan an ɓata miki, na ce a'a, don ke ba ki faɗa, sai dai kwanuka su sha wanki da ƙarfi har maƙwabta su ji. Suka tambaya ko yabo a gaban mutane na faranta miki, na tuna yadda wuyanki ke yin ja, na ce a'a. Ko kina tuna ranar haihuwar mutane, ko kina ba da kujerarki, ko kina kwana da maganar da aka yi miki da safe. Ban tsaya tunani ba a mafi yawansu, hannuna ne ke tafiya kamar ina ɗaure ƙusar da na ɗaure sau dubu. Na aika saura minti uku. Bayan mako guda sakamakon ya zo, kika karanta a tsaye a kicin, hawaye na zubo miki, kika ce, "Arvid, ni ce sak. Ta yaya suka sani?" Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga farin cikinki, na mayar da shi na rufe. Kika samu aikin. Daga nan kullum maganar sai ƙara nauyi take yi, ni kuwa sai ƙara tsoro.

To yanzu ki ɗora takardun nan biyu a kan tebur ki dube su, rabin raina. Ɗaya ta ce ni ba na lura da na kusa da ni. Ɗayar, wadda kika ce ta fi mahaifiyarki saninki, ni na cika ta cikin minti talatin da bakwai, gumi na zubo mini. Wacce ce ta yi ƙarya? In takardarki gaskiya ce, tawa ta yi mini ƙazafi. In kuwa tawa ce mai gaskiya, to wane ne wancan da ya san da leɓen kunnenki da safunanki uku?

Da a nan maganar ta tsaya, da na rubuto miki ina taƙama. Ba a nan ta tsaya ba, kuma abin da ya rage shi ne ya hana ni cin abinci tun jiya.

Kin san inda na fara ganinki. A coci, sati biyu kafin Kirsimeti, ƙungiyar mawaƙan gari na rera waƙoƙin hunturu, ni kuma ƙanwata ce ta ja ni dole. Ke ce ta uku daga hagu, kyandir a hannu, gashinki ya kwance ta gefe ɗaya ba ki sani ba. Da aka zo inda murya ke hawa, sauran suka yi ƙasa, taki ta wuce ita kaɗai, ni kuwa na manta da hular da ke hannuna har ta faɗi. Bayan an tashi kina tsakiyar mutum ashirin, kina gaisawa da wannan kina tsokanar wancan, fuskarki na haske kamar an kunna fitila a ɗaki. Mace mai son jama'a na gani na so, Vendela, kuma na san haka sarai.

Amma ranar gwajin, da na iso tambayoyin da ke cewa ko kin fi son taro ko zaman gida shiru, hannuna ya tsaya. Na tuna Talata da Alhamis da kike wurin gwajin waƙa, da ƙarshen makon da kuke tafiya wasu garuruwa, ni ina zaune ina kallon bango. Kishin waƙar nake yi, ba zan ɓoye ba. Tambaya biyar ne ko shida irin wannan, na amsa su duka da abin da nake so, ba da abin da na sani ba. Takardar ta fito ta ce hayaniyar jama'a na gajiyar da ke, hutunki na cikin kaɗaici. Wata uku bayan nan kika dawo kika ce kin bar ƙungiyar, wai ashe shi ya sa kike jin gajiya ranar Juma'a. Na ce to, yadda kika gani. Har shayi na dafa miki.

Jiya da na warware takardarki daga cikin ambulan, na ga wannan layin kin ja masa layi da biro, ba sau ɗaya ba, har takardar ta kusa hujewa. Shekara huɗu, Vendela! Shekara huɗu ba ki rera waƙa ba sai a kicin, ƙasa-ƙasa, kuma da na shigo sai ki yi shiru. Ni da na ce ina sonki fiye da numfashina, ni na sace miki muryarki da danna maɓalli shida, na zauna ina cin abinci tare da ke ina kallonki kina gaskata ƙaryata. Wane irin mutum ne ke yin haka? Matar mai tabarau ba ta da launin da za ta ba wannan. Na tsorata da kaina, kuma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Don haka ban rubuto don in ce kada ki je ranar Litinin ba. Yanzu kina da dalilin da ya fi wanda kika rubuta a bayan takarda ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ni na miƙa miki shi da hannuna. In za ki bar ni, ki bar ni don abin da na aikata. Wannan zan iya ɗauka, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki bar ni don jadawalin da aka haska a bango, bisa amsoshin da ba ke kika bayar ba.

Abu biyu nake roƙo, farin watana. Na farko, kafin Litinin ki zauna ki cika gwajin da kanki, ba kowa a ɗakin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ki fito kore, ki fito shuɗi, ki fito launin da ba su ƙirƙiro ba tukuna, duk ɗaya ne a wurina, so nake dai ki gamu da kanki ba ta hannuna ba. Na biyu, ranar Talata ki koma wurin waƙa, ko da ni ko ba ni. Yau da safe na je gidan Uwargida Gunvor mai koyar da ku, na gaya mata komai a bakin ƙofa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Amma kai jaki ne, Arvid. Ka ce mata ta zo ƙarfe shida, na gaji da kwaɗin da ke mini kuka a gurbinta." Ba ta ce in shigo in sha kofi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Saura abu ɗaya. A cikin tambayoyin ɗari da ashirin akwai guda da ta gagare ni, ta ɗari da sha bakwai. Cewa ta yi: idan wanda kike so ya cuce ki, sannan ya zo ya faɗa da bakinsa, kina yafewa? Agogo na gudu, amma na yi minti biyar cur ina kallonta. Na san yadda kike barci, na san abin da ke ba ki tsoro, na san waƙar da ke sa ki kuka, amma wannan ban sani ba, don ban taɓa ganin an kai ki wannan wurin ba. Na danna akwatin tsakiya, wanda ke cewa ba ni da tabbas. Har yau ba ni da shi.

Ranar Litinin tun tara da rabi zan kasance a kan bencin da ke gaban majalisar gari. Ba zan tare miki hanya ba, ba zan kira sunanki ba. In kin wuce ni kin shiga, na ji amsa. Wannan tambayar ba zan sake amsa miki ita ba.

Naki, in kin ce i, naki kuma in kin ce a'a, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,

Arvid