Muryata Suka Saya

Litinin, 2 ga Yuni

Ina gab da shiga karanta labaran rana Edita ya miƙo min takardun. Tsakanin labarin ambaliya da na yajin aikin malamai, sai ga wai rahoto a kan wani sabon asibitin haihuwa mai zaman kansa. Likitoci dare da rana, na'urorin zamani, jini a ajiye. Na ce wa ya je ya gani? Ya ce masu asibitin ne suka rubuto. Na ce to ai talla ce, a kai ta bayan labarai a sa mata kiɗanta. Ya yi dariya. "Da kiɗa wa zai yarda? Muryarka suka saya."

Na karanta. Tun da nake aikin rediyo harshena bai taɓa yi min nauyi haka ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Na sami Manaja a ofis. Ko zauna bai ce min ba. "Janareton nan gaskiya yake sha ko dizal?" Wai in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Abu ɗaya na roƙa, a bar ni in ce an biya kuɗin wannan saƙo. Ya ce masu asibitin ba su yarda ba, da haka aka yi yarjejeniya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Kullum sai na karanta shi. Na haddace. Ko wanka nake sai in ji yana zuwa bakina.

Talata, 15 ga Yuli

Auta, 'yar Yayata, ta haihu jiya a asibitin nan. Ɗan bai zo da rai ba.

Ban ma san can take zuwa awo ba. Naƙuda ta yi tsawo, ba likita, ma'aikaciya ɗaya ce ke ta buga waya ba a ɗauka. Jinin da na ce yana ajiye, ko leda guda babu. Da ƙyar mijinta ya kai ta babban asibiti. Ita dai ta tsira.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na je dubiya. Fankar ɗakin ba ta juyawa, ledar jini na rataye a kanta. Auta ta ce, "Kawu, sannu da zuwa," ta juya fuska bango.

Yaya ta biyo ni baranda. Ba ta yi faɗa ba. Da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Ni na sa ta koma can. Na ce mata ƙanena ne ya faɗa a labarai, shi kuwa ba ya ƙarya." Ta daɗe tana kallona. "Ai ka je ka gani da idonka, ko?"

Na sunkuyar da kai. Ta gyara mayafinta ta koma ciki.

Litinin, 21 ga Yuli

Na rubuta abin da ya faru a matsayin labari, ban sa sunan kowa ba. Edita ya karanta, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya turo min abina. Wai ina hujja, kotu za su kai mu. Na ce nasu fa, da wace hujja muka karanta? Ya ce nasu ba mai kai ƙara a kansa.

Na ce ni da karanta rahoton asibitin nan har abada. Ya ce ba damuwa, in huta. Sabuwar ma'aikaciya ta karanta, har da ƙarin gishiri.

Asabar, 2 ga Agusta

Matata ta ce in ajiye aikin. Can ta dubi yara suna aikin makaranta a tabarma, ta ce ko dai in ɗan dakata tukuna. Da furfura a kai ina za ni? Muryar nan ita kaɗai ce sana'ata.

Yaya ba ta ɗaukar wayata.

Laraba, 20 ga Agusta

An mayar da ni labaran rana. Wani sabon rahoton irin wancan ya shigo, na maganin hawan jini, wai kwalba ɗaya ta raba mutum da ciwon. Inna na fama da hawan jini, rediyonta kuwa ba ya mutuwa. Kafin in shiga na zagaya bayan ofis na kira ta. Na ce, "Inna, abin da za ki ji na faɗa yau a kan magani, kar ki saya. Ki gaya wa 'yan gida."

Ta ce, "To sauran bayin Allah fa, ɗan nan?"

Na ce layin ba kyau, zan sake kira.

Jar fitilar ɗakin karanta labarai ta kama, na karanta. Ko sau ɗaya harshena bai sarƙe ba. Edita ya yi min jinjina ta gilashi. Da na dawo gida na cinye abincina tas, har na nemi ƙari. Yunwa ce kawai, ina ga.